Jan Zare Mai Ƙulli Uku

Kano,
9 ga Janairu.

Zuwa ga bawana Tasi'u,

Assalamu alaikum. Gaisuwar ubangida ɗan namiji ga bawansa ɗan mace. Ina fata kana lafiya, da Gwaggo, da tsohuwar matata, kakarmu Inna Lantana. Ka gaya mata mijinta na birni yana nan, bai yi mata kishiya ba sai aiki.

Albishirinka. Kamfanin nan naku na sayen hatsi ya ɗauke ni a babban ofis. Sunan kujerar mai nazarin tsarin aiki. Kada ka tambaye ni Turancinsa, bakinka ba zai ɗauka ba. Aikin shi ne in rubuta yadda ake yin komai a situna huɗu, naku na Bebeji, da na Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa, tun daga shigowar buhu har fitarsa, mataki bayan mataki. Daga nan a tsara yadda za a riƙa adana bayanan a kwamfuta. Gwajin wata shida suka ba ni. In rahotona ya yi kyau su tabbatar da ni, in bai yi ba in dawo gida mu riƙa dakon buhu tare.

Na je Kiru da Tudun Wada. Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Ai haka muke yi." In na ce yaya, sai ya kalli rufin kwano. Kai kaɗai na san idonka ba ya wuce abu. Tun muna yara a ɗakin Inna kai kake faɗin kazar da za ta fara kwanci.

Don Allah ka rubuta mini duk abin da kake yi a sito, ko da ka ga bai kai a faɗa ba. A takarda nake so, ba saƙon murya ba, don takarda ake sawa a fayil. Ka riƙa ba Ɗanliti direba in ya zo ɗaukar kaya ranar Litinin.

Ka huta lafiya.
Ubangidanka,
Ghali.

*

Sito, Bebeji,
15 ga Janairu.

Zuwa ga taubashina Ghali,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa da murna. Allah ya sa albarka a kujera, ya sa ta zauna. Maganar ubangida kuwa, ban taɓa ganin ubangidan da ke roƙon bawansa ya koya masa aiki ba.

Na karanta wa Inna takardarka. Ta ce, "Miji ne wannan? Wata huɗu ko goro." Amma ta sa na maimaita mata wajen da ka ambace ta.

Ka san a aji shida na tsaya, sai ka yi haƙuri da rubutun. Ga yadda nake yi.

In manomi ya kawo kaya, ba buhu nake fara dubawa ba, gaisawa muke yi. A gaisuwa nake jin daga inda ya fito. In mutumin bakin dam ne, na san masararsa ba ta saurin bushewa, sai in ƙara sa ido. Daga nan in caka ƙarfe a buhu wuri uku, sama da tsakiya da gindi. Mai danshi a gindi take zama. Ba kullum ne ha'inci ba, wani lokaci wadda aka fara ɗurawa ce tun da safe kafin rana ta buge ta.

Sai in ɗauki ƙwaya in ciza. Busasshiya ƙas take cewa ta rabe biyu. Mai danshi lotsewa take yi, ta manne a haƙori. Akwai na'urar gwada danshi da ofis ya aiko, amma batirinta ya mutu tun bara. Da tana aiki ma sau biyu muka yi saɓani da ita, kuma duka biyun buhun da ta wuce da shi ya yi fumfuna.

Wanda bai bushe ba a shanya a tamfol, mai shi ya jira ko ya dawo gobe. Wanda ya bushe a hau sikeli. Sikelin nan ƙafarsa ta hagu tana kan fashin daɓe, dole sai an sa mata ɗan dutse, in ba haka ba yana zaluntar manomi. Dutsen yana kan taga. Bayan awo in rubuta suna da gari da nauyi a littafi, in yanka rasit.

Jera buhu a kan katako ake yi, ba a ƙasa ba, kuma ba ya taɓa bango. A bar tsakani yadda mutum zai wuce a karkace. Sabon kaya baya, tsoho gaba. Kyanwar sito ba a korarta, ba kuma a ƙosar da ita.

Shara kullum da yamma. Ranar Alhamis kuma akwai tsagar daɓe da ta taso daga bakin ƙofar ɗakin baya ta bi gindin bango. Tsintsiya ba ta shigarta. Da tsinke nake bin ta ina tono ƙwayoyin da suka faɗa, don a nan ƙwaro yake fara gida.

Wannan ke nan na yau, hannuna ya gaji. In akwai wajen da ba ka gane ba ka tambaya, ba ni da gaggawa.

Gwaggonka tana gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.
Naka,
Tasi'u.

*

Kano,
22 ga Janairu.

Tasi'u bawan kirki,

Salam da gaisuwa. Wallahi ka gama mini rabin aiki. Na juya takardarka zuwa zane mai akwatuna da kibau, Manaja ya tsaya a kaina yana gyaɗa kai. Na fitar da mataki ashirin da biyu. Maganar gaisuwa da cizon ƙwaya ba za su shiga ba, kwamfuta ba ta da gurbinsu, za a sayo batir. Tonon tsaga da tsinke ma na cire, wannan ba mataki ba ne, tsabar sa idonka ne.

Amma ka ambaci ɗakin baya. A zanen ginin da ke hannuna an rubuta babu komai a ciki sai tsohon sikeli. Me ya sa hatsi yake zuba a bakin ƙofarsa? Ka san ni, in abu ya tsaya mini a rai ba na iya wucewa. In wani abu ne da ba na ofis ba, ka gaya mini tsakanina da kai, don in san yadda zan kauce masa a rubutu. Ba zai shiga fayil ba. Na yi maka alkawari.

A gaida Inna. Goro yana hannun Ɗanliti, ka tabbata bai ci rabi a hanya ba.

Naka,
Ghali.

*

Sito, Bebeji,
5 ga Fabrairu.

Zuwa ga ɗan'uwana Ghali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, goro ya iso. Inna ta ƙirga ta ce direba ya yi adalci, biyu kawai ya ci.

Litinin ɗaya na bari ta wuce ban ba ka amsa ba, ina juya maganar. Na ga tunda kai za ka rubuta dokar sito, gara ka sani da ka taka ba ka sani ba. Amma wannan takardar ba ta fayil ba ce. Ka karanta ka yaga.

Irin shuka ne a ɗakin baya. Na mata ne, su ashirin da uku.

Ka san siton nan na ƙungiyar manoma ne kafin kamfani ya karɓa. Marigayi Malam Gwadabe, wanda ya koya mini aiki, shi ya fara riƙe ajiyar tun bayan da ruwan dam ɗin Tiga ya ci garinsu Inna aka dawo da su nan. In an yi girbi mace ta zaɓi zangarniyar da ta fi kyau a gayaunarta, ta sussuke, ta gauraya da toka, ta ɗura a gora ko ɗan buhu ta aiko. Akwai dawa, akwai wake, da riɗi, da kuɓewa.

Za ka ce me ya hana su ajiye a gida. Bazara ce. Rumbu ya yi ƙasa, ga suna ya taso, ga baƙi, ga yaro yana kuka. Iri in yana kusa da hannu tuwo yake zama. Shi ya sa suke kawo shi inda hannunsu ba zai kai ba. Dokar Malam Gwadabe biyu ce. Ta farko, ba a ba da iri sai ruwan shuka ya sauka, ko da mai shi ce ta zo da kanta tana kuka. Ta biyu, ba a rubuta suna. Zare ake ɗaurawa a wuyan gora, kowace da launinta da yawan ƙullinta, mai sito ya riƙe a ka.

Amfanin rashin suna na gan shi bara. Ɗan Baba Salamatu ya zo da zafinsa, ya ce in ba shi waken tsohuwarsa zai kai kasuwa. Na miƙa masa littafi na ce, "Duba, in ka ga sunanta ɗauki." Ya buɗe har bango bai gani ba. Ya ce, "Kai dai munafuki ne." Na ce, "Na gode, a gaida gida." Da damina waken nan suka shuka, shi ma ya ci.

Ita kanta Inna shekara biyu da suka wuce ta zo har sito da sandarta, lokacin sunan gidan Kawu. Ta ce, "Ɗan nema, ba ni dawata mudu ɗaya." Na ce babu. Ta ce, "Ni na goya uwarka!" Na ce ko ke kika goya Malam Gwadabe babu. Ta tafi tana cewa ta sake ni saki uku. Ranar da aka yi ruwan fari sai ga ƙwaryar fura ta aiko, har da nono.

Tata ita ce dawar da muke kira 'yar tsohon gari, mai ja-ja, wadda tuwonta yake kwana biyu bai saki ba. A bakin zanenta ta ƙullo ta ranar da motar gwamnati ta kwashe su, tana amarya. Na tambaya har Kiru da Tudun Wada, ban sami mai irinta ba. Mata huɗu ne suka rage da ita, duka huɗun gorunansu suna ɗakin nan. Alamar Inna ba sai na gaya maka ba. Jan zare, ƙulli uku. Kai kake ƙulla mata muna yara, don ta ce hannunka ya fi nawa tsabta.

Sauran sunayen kada ka tambaye ni, ba nawa ba ne.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka bar ɗakin yadda zane ya ce, tsohon sikeli. Wata huɗu ya rage a yi shuka.

Allah ya bar zumunci.
Ɗan'uwanka,
Tasi'u.

*

Kano,
6 ga Maris.

Malam Tasi'u,

Assalamu alaikum. Ina fata aiki yana tafiya daidai. Ka yi haƙuri da shiruna, rahoto ne ya sha kaina.

Na samu takardarka, na kuma fahimta. Kada ka sa komai a ranka.

Ga wani abin alheri. Na gaya wa Manaja babu wanda ya kai ka iya jera kaya, ya amince ka je siton Doguwa kwana goma ka koya musu. Za ka bi Ɗanliti ranar Litinin 11 ga wata. Mas'ud na siton Kiru zai riƙe maka wuri, sai ka ba shi makullai gaba ɗaya. Wannan dama ce, sunanka ya fara shiga kunnen manya.

A gaida mutanen gida.
Ghali.

*

Doguwa,
14 ga Maris.

Zuwa ga Ghali, wanda ya fara kirana Malam,

Salamu alaikum. Gaisuwa daga cikin duwatsu. Yaushe na zama Malam? Ko kujera ce ta fara hana ka wasa?

Na iso lafiya. Mutanen nan suna da kirki, sun cika ni da dankali har na fara mantawa da tuwo. Matsalarsu ɗaya, buhu suke jinginawa da bango, ga bangon yana tsatsafo da danshi. Mun sauke layi uku mun sake jerawa. Gaskiya aikin bai kai na kwana goma ba, na uku ne, amma tunda haka aka rubuta zan cika.

Na ba Mas'ud makullai kamar yadda ka ce. Na ɗakin baya na so in riƙe, sai ya nuna mini takardar ofis mai cewa duka. Na ce masa tarkace ne a ciki, kada ya wahalar da kansa. In kun yi waya ka ƙara ja masa kunne, ya fi jin maganarka.

Na gode da ka tuna da ni a gaban manya. Inna ta ce ashe auren birni yana da rana.

Naka har kullum,
Tasi'u.

*

Sito, Bebeji,
25 ga Maris.

Ghali,

Assalamu alaikum.

Na dawo ranar Alhamis. Ɗakin baya a buɗe yake, an share shi, an yi masa farar ƙasa. Tsohon sikeli ne kaɗai a ciki, kamar yadda zane ya ce.

Zan faɗa maka yadda na ji, bi da bi, tunda haka kake son magana.

Mas'ud ya ce ranar Asabar 16 ga wata mota ta zo da mutum biyu daga ofis da takarda. Suka sa 'yan dako suka fito da gorunan, suka juye su gaba ɗaya a manyan buhuna, dawa da wake da riɗi da toka a haɗe. Buhu uku da rabi. Gorunan da zarurrukan aka tara a bayan sito aka sa wuta, wai saboda ƙwari. Ɗanliti ya ce shi aka ba buhunan, ya kai su injin abincin kaji a hanyar Kano, bai san mene ne a ciki ba. Da na gaya masa sai ya cire hularsa ya zauna a kan taya. Na bi sawu ranar Juma'a har injin. An niƙa tun ranar Lahadi.

Ban zarge ka ba a lokacin. Na ce wataƙila Mas'ud ne ya buɗe ya gani ya kai rahoto. Har na fara shirya maganar da zan gaya maka don kada ranka ya ɓaci.

Sai na ga takardar da aka manna a bango, mai leda, da Turanci da Hausa. Tsarin Aikin Sito. Na tsaya na karanta, na ji maganata a ciki, har da dutsen sikeli. Mataki ashirin da biyu ka ce mini. Ashirin da uku na gani. Na ƙarshen ya ce duk kayan da ba su da lamba da sunan mai su a kwamfuta, a fitar da su daga sito nan take. A ƙasa an rubuta misali: irin shuka na mata ashirin da uku a ɗakin baya, siton Bebeji.

Mas'ud bai san su ashirin da uku ba ne. Goruna talatin da ɗaya ne, don wasu suna da biyu. Mutum ɗaya na taɓa gaya wa ashirin da uku.

Sannan na duba ƙasan takardar. Sunanka da sa hannunka, 4 ga Maris. Na ciro wasiƙarka ta tura ni Doguwa na ɗora kusa da ita. 6 ga Maris. Kwana biyu tsakani. Wato lokacin da kake rubuta mini kada in sa komai a raina, tawadar ta riga ta bushe.

Ban gaya wa Inna ba tukuna. Jiya ta ce in duba mata gorarta ko toka ta isa, don ta ga tururuwa sun fara fito da ƙwai, ruwan bana da wuri zai zo. Na ce to.

Ba zagi na zo yi ba. Tambaya ɗaya ce, kuma ina son amsarta a takarda, tunda takarda ake sawa a fayil. Me ya sa?

Tasi'u.

*

Kano,
1 ga Afrilu.

Ɗan'uwana Tasi'u,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarka sau uku. Na kira wayarka ba ka ɗauka ba, ban kuma ga laifinka ba. Amma ka saurare ni.

Akwai babban mai saye da kamfani yake nema, kuma sai masu bincikensa sun zagaya situna. In suka tarar da kaya ko gora ɗaya da ba ta cikin kwamfuta, siton ya faɗi, wataƙila a rufe shi. Mutum nawa ke ci a siton nan? Aikina shi ne in rubuta abin da yake akwai. In na ɓoye aka gano daga baya, ni za a fara kora, kai na biyu.

Wallahi ban rubuta a niƙa ba. Na rubuta a mayar wa masu shi. Manaja ya ce su wane ne, ina sunayensu, ina lambar wayarsu? Na ce babu. Ya ce abin da ba shi da mai shi a rubuce shara ne. Kai ka ce kada in tambaye ka sunaye. Da ka ba ni, da yanzu kowace tana da lambarta, kayanta suna zaune da izini.

Doguwa kuwa, na san halinka. Da kana nan da ka tsaya a bakin ƙofa, da sun sallame ka a ranar. Aikinka na kare maka.

Ban zauna haka ba. Na roƙi Manaja ya amince a ba kowace mace ingantaccen iri na kamfani, kyauta, wanda ya ninka na gargajiya yawan amfani. Yana zuwa ranar Litinin. Ka raba musu, ka ce daga gare ni.

An tabbatar da ni a aiki makon jiya, tun kafin wata shidan. Na so in gaya maka cikin farin ciki, ba haka ba. Manaja ya ce gano ɗakin nan shi ne abu mafi amfani a rahoton.

Ka ba Inna haƙuri kafin in zo.
Ɗan'uwanka,
Ghali.

*

Sito, Bebeji,
22 ga Afrilu.

Ghali,

Amin wa alaikumus salam. Ina taya ka murnar tabbata.

Na bar amsarka ta kwana uku-uku har sau bakwai, don kada in rubuta da zafi. Na auna ta yadda nake auna buhu, sama da tsakiya da gindi.

Maganar masu bincike gaskiya ce, ban musa ba. Amma tsakanin 4 ga Maris da 16 ga wata kwana goma sha biyu ne. Kalma ɗaya za ka ba Ɗanliti: kwashe. Da yamma ɗaya zan ɗora gorunan a amalanke in kai su wani wuri, masu bincike su zo su ga ɗaki fes. Na daɗe ina tambayar kaina me ya hana ka. Abin da na gano shi ne, in aka zo aka tarar ɗakin babu komai, rahotonka ya zama ƙarya. Sai an same su a ciki kafin ya zama ka gano wani abu.

Ka ce ba ka da suna ko ɗaya. Ko ba Baba Salamatu, kana da ɗaya. Jan zare, ƙulli uku.

Na bi gidajen da ƙafata, ashirin da uku, na faɗa musu da bakina. Ban ambaci sunanka ba, na ce ni na yi sakaci da makulli, kuma hakan ne. Wasu sun ce Allah ya ƙaddara. Baba Salamatu kuwa tambaya ta ta yi ko zan dawo mata da gorar, ta uwarta ce. Ɗanta yana zaure yana dariya, ya ce, "Da ka ba ni na sayar ai da mun ci."

Irin kamfani ya zo, na raba. Sun karɓa sun yi godiya. Wata ta tambaya ko shi ma ana ajiye nasa a shuka baɗi. Na karanta bayan ledar na ce a'a, kowace shekara sabo ake nema.

Inna ce ta ƙarshe. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Kaji?" Na ce kaji. Ta ce, "Ruwa bai ci ta ba, sai kaji." Sannan ta ce, "Wa ka gaya wa?" Na yi shiru. Ta ce, "To, na ji." Ba ta sake tambaya ba.

Saura abu ɗaya. Mas'ud mutum ne mai bin takarda, ya share sito tas yadda ka rubuta. Amma tonon tsaga ba ya cikin takarda, kai ka cire shi. A bakin ƙofar nan suka yi juyen. Ranar Alhamis na durƙusa da tsinke na bi tsagar tun daga ƙofa har ƙarshen bango. Na samu abin da bai cika tafin hannu biyu ba, da toka da ƙasa da komai. Na kai wa Inna a faifai. Idon da ba ya ganin zare a allura, sai ga shi tana tsince tata ɗaya bayan ɗaya da farce. Ƙwaya tamanin da huɗu. Waken Baba Salamatu goma sha ɗaya.

Ina nan a bakin aiki. Ina bin matakanka ashirin da uku, ba ragi ba ƙari.

Wassalam.
Tasi'u.

*

Kano,
24 ga Yuni.

Zuwa ga ɗan'uwana Tasi'u,

Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ina aiko takarda Ɗanliti yana dawowa hannu wofi. Na sani ni na jawo.

Ya gaya mini an yi ruwa, kuma ya ji ana cewa 'yar tsohon gari ta tsiro. Wallahi da na ji sai da na fita daga ofis na tsaya a waje.

Ina so in gyara abin da zai gyaru. Na yi magana da wasu masana da ke tattara irin gargajiya suna adana shi a ɗakin sanyi, da sunansa da tarihinsa, ba ya ɓata har abada. Za a rubuta shi da sunan Inna. Abin da suke buƙata kaɗan ne: sunan gonar da aka shuka, da wurin da take, da sunayen matan nan huɗu. Na sa fom a cikin ambulan. Ka cike, ko ka faɗa mini in cike.

Don Allah ka ce wa tsohuwar matata mijinta yana neman afuwa.

Bawanka,
Ghali.

*

Bebeji,
1 ga Yuli.

Ghali,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa yana sauka.

Ta tsiro. Saba'in da ɗaya suka fito.

Ga fom ɗinka nan na mayar, ban ɓata maka shi ba. Inda aka shuka ba ya rubutuwa. Inda za a ajiye na baɗi ma an samu wuri, da mai riƙewa.

Na isar da saƙonka ga Inna yadda ka faɗa, da matar da mijin. Tana tsinkar zogale, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka ce wa Ghali in ya zo akwai tuwo."

Ghali ta ce, ba mijina ba. Na jira ko za ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba.

Ka huta lafiya.
Tasi'u.